Yadda za ka sa igiyar maikurowef ta manne a jikin jan ƙarfe

Plasmon, wato igiyar da ke tafiya manne a saman ƙarfe, asalinsa harkar haske ce, a saman zinare ko azurfa ake samunsa, amma in aka sauko maikurowef ƙarfe mai santsi ba ya riƙe igiyar sosai. A 2004 ne John Pendry na Imperial College da ke Landan da abokan aikinsa biyu daga Sifaniya suka nuna cewa in ka yi wa ƙarfen ramuka ƙanana a jere zai kwaikwayi wannan halin, a 2005 kuma masu bincike a jami'ar Exeter suka gwada a maikurowef abin ya tabbata.

Kai ma za ka iya, ba sai da babban lab ba. Nemi allon PCB (allon haɗa kayan lantarki mai shimfiɗar jan ƙarfe) na FR4, wato nau'in kayan da aka yi allon da shi, da kanektan SMA (ƙaramin mahaɗin wayar sigina) guda biyu, da ƙaramar VNA (na'urar auna yadda sigina ke wucewa) wadda ke wuce 3 GHz.

Zana layin jan ƙarfe mai haƙora kamar mashaci. Zurfin haƙoran shi ne komai fa, don inda sigina ke yankewa yana kusa da wurin da zurfin ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar, wato a 3 GHz tsawon igiya santimita 10 ne, zurfi kenan milimita 25 in a iska ne, amma FR4 zai jawo mitar (frequency) ƙasa saboda haka ka rage zuwa 15 haka. Tazarar haƙora milimita 5 ta isa. In kana da kwamfuta fara gwadawa a openEMS, manhajar kwaikwayon igiyoyi, kyauta ce.

Inda mutane ke yin kwaɓa shi ne bakin shiga. Kar ka jona SMA kai tsaye da haƙora masu zurfi, rabin siginar baya za ta koma. Fara da gajeru suna ƙara zurfi sannu a hankali, ta ɗaya gefen ma haka.

Sai ka wanke allon da ferik kulorayid, sinadarin da ke cinye jan ƙarfen da zanen bai rufe ba, sa safar hannu don Allah. Yi soldan kanektocin, yi kalibireshan (saita VNA ɗin), duba S21, wato ma'aunin siginar da ta wuce daga wannan kanekta zuwa wancan. Za ka ga sigina tana wucewa sannan ta faɗi tim a wata mita. Ɗora guntun roba kan haƙoran, wurin faɗuwar zai matsa ƙasa, in ka ɗaga robar sama kaɗan sai ya koma inda yake.