Yadda ake karanta METAR da TAF kafin tashin jirgi

Yawancin ɗaliban tuƙin jirgi da na gani suna haddace gajerun alamomin rahoton yanayi na METAR da TAF cikin mako guda, amma idan aka miƙa musu rahoto na gaske sai su karanta shi daidai su yanke hukuncin da ba daidai ba. METAR yana faɗin yanayin da aka auna a filin jirgi, duk awa ɗaya ko rabin awa, TAF kuwa hasashe ne na abin da ake sa ran zai faru.

Ka fara duba lokaci. Idan ka ga 121350Z, ranar 12 ga wata ce, ƙarfe 13:50 a agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, wanda yakan saɓa da agogon hannunka. Rahoton da ya haura awa ɗaya, ni ba na aiki da shi.

Sai iska. Rubutun 24015G25KT yana nufin tana kaɗowa daga digiri 240 da gudun mil 15 na teku a awa, tana bugawa har 25. Da adadin bugun za ka lissafa iskar da za ta daki jirgin ta gefe, kuma ka tuna cewa METAR yana auna kusurwa daga arewa ta ainihi, alhali lambobin titin sauka na bin arewar kamfas.

Gajimare ne inda na fi ganin ana faɗuwa, kuma ni ma a nan na yi tuntuɓe ina ɗalibi. Ana raba sama kashi takwas: FEW kashi 1 zuwa 2, SCT 3 zuwa 4, BKN 5 zuwa 7, OVC duka takwas. Lambobi ukun da ke biye tsayin gindin gajimaren ne a ɗaruruwan ƙafa, wato BKN012 ƙafa 1,200 ke nan, kuma daga doron ƙasar filin ake auna su. Ma'aunin tsayi da ke gabanka a jirgi kuwa, in ka saita shi da QNH, wato adadin matsin iska da rahoton ke bayarwa, daga doron teku yake ƙirgawa. Saboda haka idan filin yana kan tudun ƙafa 2,000, za ka tarar da gindin gajimaren lokacin da ma'aunin ke nuna kusan 3,200. Na taɓa shirya tafiya ba tare da haɗa waɗannan lambobi biyu ba, malamina ne ya mayar mini da takardar. Duk inda aka liƙa CB a ƙarshe, hadari ne mai tsawa, ko da FEW aka rubuta.

Alamar 9999 tana nufin ana hangen kilomita 10 ko fiye. Idan zafin iska da ma'aunin raɓa, wato matakin zafin da raɓa ke fara haɗuwa, suka matso juna, kamar 18/17, ka sa ran hazo.

A TAF, ka nemo sa'ar da za ka isa, ka karanta layinta. BECMG sauyi ne da zai zo ya zauna, TEMPO kuma na wucewa ne, bai kai awa ɗaya a kowane zuwa ba. Ɗalibai sukan tsallake TEMPO don sun ga na ɗan lokaci ne, amma ni da shi nake lissafa mai da filin da zan karkata in sauka ta gagara.