Yadda Ake Rabuwa da Office na Jabu da Samun Halastaccen Madadinsa

Yawancin kwamfutocin da ake sayowa a kasuwa suna zuwa ne da Word da Excel, wato manhajojin Office na kamfanin Microsoft, a ciki, kuma ba kasafai mai saye yake tambayar inda aka samo su ba, tunda mai shago ya ce an riga an saka komai. Sau da yawa abin da aka saka ɗin na jabu ne, kuma illarsa ba ta tsaya ga saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ba, domin ƙaramar manhajar da ake fasa lasisin da ita kan buɗe wa ɓarayin intanet ƙofa.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar da abin da ke cikin kwamfutarka. Ka buɗe Word, ka shiga File, sannan Account, ka duba sunan da aka rubuta. Ganin Product Activated a wurin ba hujja ba ce cewa na gaske ne. Idan kwamfutar taka ce ta kanka, amma ka ga an rubuta Professional Plus alhali ba wata ma'aikata ko makaranta da ta ba ka, to akwai alamar tambaya, domin irin wannan lasisin na manyan ƙungiyoyi ne. Microsoft ya tanadar musu wani tsari mai suna KMS, wanda lasisinsa ke ɗaukar kwana 180 kafin ya nemi sabuntawa, shi kuwa KMSpico, wato manhajar fasa lasisi, da 'yan uwansa kwaikwayon wannan tsarin suke yi a cikin kwamfutar. Ka leƙa jerin manhajojinka ko za ka ga suna irin KMSpico ko AutoKMS, sannan ka shiga Windows Security ka duba Exclusions, wato wuraren da aka hana manhajar tsaro bincikawa. Mai saka na jabu yakan kashe tsaron ko ya keɓe wani fayil don kada a kama shi, kuma a nan babban haɗarin yake, domin a cikin irin waɗannan fayiloli ake ɓoye masu kwashe kalmomin sirri na banki da na imel.

Kafin ka cire komai, ka kwafe takardunka zuwa filas ko wani rumbun ajiya na waje. Cire Office ba ya goge takardu, amma rigakafi ya fi magani. Daga nan ka shiga Settings, sannan Apps, ka cire Office ɗin da manhajar fasa lasisin, ka share duk abin da ba ka sani ba a Exclusions, ka kuma gudanar da binciken Microsoft Defender Offline, wanda ke sake kunna kwamfutar ya yi aikinsa kafin Windows ya tashi. Bayan haka ka canza kalmomin sirrinka ta wayarka ko wata na'ura mai tsabta. Idan da kwamfutar kake harkar kuɗi ko kake ajiye bayanan mutane, a ganina sake ɗora Windows gaba ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Sai batun madadi, kuma yanayin aikinka ne zai zaɓa maka. Wanda aikinsa buga wasiƙa ne, ko rubutun kammala karatu, ko lissafin shago, ba ya buƙatar biyan ko kwabo. LibreOffice kyauta ne, gidauniyar The Document Foundation ce ke kula da shi tun 2010, yana da Writer a madadin Word, da Calc a madadin Excel, da Impress a madadin PowerPoint, kuma da zarar an sauke shi ba ya neman intanet, abin da ke da muhimmanci ga wanda data ke yi wa tsada. OnlyOffice ma kyauta ne, kuma fuskarsa ta fi kama da ta Office. WPS Office na kamfanin Kingsoft na China yana da na kyauta, sai dai da tallace-tallace. Mai wadatar intanet kuwa zai iya amfani da Word da Excel na ainihi a burauza ba tare da biya ba, muddin ya buɗe asusun Microsoft, ko ya koma Google Docs da Sheets. Ɗalibi ko malami ya fara gwada adireshin imel na makarantarsa a shafin Microsoft na ilimi, domin makarantun da suka yi rajista suna samun na burauza kyauta. Kowanne ka zaɓa, daga shafin masu shi kaɗai za ka sauke.

Akwai wanda dole sai Office ɗin kansa, kamar akanta mai amfani da makuro na Excel, wato ƙananan umarnai da ke maimaita aiki da kansu, waɗanda ba duka ne ke aiki daidai a LibreOffice ba. Shi yana da zaɓi biyu: ya sayi Office 2024 sau ɗaya don kwamfuta guda, ko ya riƙa biyan Microsoft 365, wanda tsarinsa na iyali ke ɗaukar mutum 6, kowa da ma'ajiyar terabait 1, ta yadda 'yan gida ɗaya za su iya haɗa kuɗin. Kada ka ruɗu da lambobin lasisi da ake tallatawa a farashin katin waya, domin galibi na wata ƙungiya ne aka karkatar, kuma ana iya toshe su kowane lokaci. Haka nan kada ka sayi Office 2016 ko 2019, tunda Microsoft ya daina ba su gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba, 2025.

Idan LibreOffice ka ɗauka, akwai gyara ɗaya da zai rage maka ciwon kai. Ka shiga Tools, sannan Options, sannan Load/Save da General, ka mayar da tsarin ajiyar takardu zuwa docx da xlsx, wato tsarin Word da na Excel, don masu Word su buɗe abin da ka tura musu ba tare da matsala ba. Idan shafuka suka zame saboda rashin salon haruffan Calibri ko Cambria, to ka yi amfani da salon Carlito da Caladea, domin faɗinsu ɗaya da su. Ka kuma gwada buga ɓ da ɗ da ƙ a salon da ka zaɓa kafin ka yi nisa da aiki. Takardar da za ka kai shagon buga takardu kuwa, ka mayar da ita PDF tun daga gida, don ta fito yadda ka tsara ta ko da wace manhaja suke amfani da ita.