Darasi na 9: Sauya kafasitar tsohuwar fitilar kyamara

Masu ɗaukar hoto a Katsina da dama suna da tsohuwar fitilar da ake ɗora wa kyamara. In an kunna ta tana ta ƙara siririya, ƙaramar wutar da ke nuna ta shirya ta ƙi kamawa, batir kuma ya yi zafi ya ƙare da wuri, to a zargi kafasita. Ita ce mulmulalliyar nan mai kama da batir, wadda ke tara wuta ta sake ta gaba ɗaya. Akwai ruwan sinadari a cikinta, shekaru da zafin bazara kan busar da shi.

Kafin komai, a kiyayi rai. Batir huɗu volt 6 ne kacal, amma kafasitar na riƙe da kusan volt 300, ko bayan an cire batir. Kada a taɓa ƙafafunta, kada a haɗe su da sukundireba, tartsatsin na iya ƙona hannu da allon da kayan wutar fitilar ke kai. A ɗora rizisto (ɗan abin da ke rage gudun wuta, don ta zuke a hankali) mai 10k, wato ohm 10,000, wat 5, a tsakanin ƙafafun na minti ɗaya, ana riƙe da shi da filaya mai hannun roba. Sai a auna da mitar gwajin wuta, a ga wutar ta sauka ƙasa da volt 5.

Yanzu a karanta jikinta. Za a ga kamar 330V da 600µF. V shi ne volt ɗin da za ta iya jurewa, µF kuma ma'aunin yawan wutar da take iya tarawa. Tsofaffi kan rubuta MFD maimakon µF, abu ɗaya ne. Sabuwar kada ta gaza tsohuwar a volt, in ta ɗara babu laifi. µF kuwa ya yi kusa da na asali. In ya yi yawa, fitilar za ta daɗe kafin ta cika, bututun hasken ya wahala. A auna tsawo da kauri da rula, don wurinta a matse yake.

A tafi da tsohuwar wurin masu kayan gyaran rediyo a Babbar Kasuwa, a nemi mai rubutun PHOTO FLASH. Ta talabijin mai 400V na iya aiki, sai dai ba a yi ta don sakin wuta farat ɗaya ba, ba ta cika yin ƙarko ba. Ta fanka kuwa sam ba ta yi.

Wajen liƙawa da dalma, zanen da ke gefenta shi ke nuna ƙafar (−). In aka juya ta, za ta kumbura ko ta fashe, don haka a yi wa wayoyin alama tun kafin a cire tsohuwar.