Sabon zuwa, in an ce ka sa waƙa a jerin Kirsimeti na wajen aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku da kuka sauka Ingila a watan Satumba ko Oktoba, wannan ne Disambarku ta farko a nan. Akwai wani ɗan abu da ba wanda ya gaya min lokacin da na zo Manchesta, kuma ba a faɗarsa a taron tarbar sababbin ɗalibai, can maganar banki ce da rijistar likita da katin bas. Maganar waƙa ce. Tun tsakiyar Nuwamba duk shagon da ka shiga waƙoƙin Kirsimeti ne ke tashi, ta Mariah Carey ta 1994 da ta Wham! ta 1984 da ta Slade ta 1973, su ɗin dai su ɗin dai har ka haddace ba da niyya ba. Toh in kana aiki a shagon kofi ko kicin ko sito ko ofis, wata rana za a turo maka mahaɗi a gurup ɗin WhatsApp na ma'aikata ace kowa ya sa waƙa biyu ko uku a jerin Spotify na haɗaka, shi za a riƙa kunnawa har ƙarshen wata da ranar walimar ma'aikata.

Ni shekarar farko shiru na yi, ban sa komai ba, ban kuma ce komai ba. Bayan kwana biyu wata abokiyar aiki ta same ni a gefe tana tambaya cikin ladabi ko sun ɓata min rai ne, ko addinina ya hana, ita duk ta damu. Abin ya tsaya min a rai, don ni ba fushi nake ba, kawai ban san me zan sa ba kuma ina tsoron in sa abin da ban san me yake faɗa ba. A nan shiru ba ya nufin kunya kamar a gida, ɗauka suke kamar ka ja baya da su.

Kafin in ci gaba, dan Allah a fahimce ni. Na san cikinmu akwai waɗanda ba sa jin kiɗa kwata-kwata saboda fahimtarsu ta addini, akwai waɗanda ba sa son shiga duk wani abu da ya shafi Kirsimeti. In kana cikinsu ba dole, ka rubuta layi ɗaya a gurup kace na gode amma ni ba zan sa ba, ku sha biki lafiya, wallahi ba wanda zai riƙe ka da shi, mutanen nan sun saba da jin a'a in aka faɗe ta a fili. 'Yan uwanmu Kirista kuma na Wusasa da Jos da Kudancin Kaduna, ku naku mai sauƙi ne, sai dai ku ma za ku tarar Kirsimetin wajen aiki a nan ba irin wadda kuka sani ba ce ta coci da zumuntar mata da shinkafa ana kai wa maƙwabta, yawancin abokan aikinku ba sa zuwa coci, biki ne na iyali da hutu da ciye-ciye. Wannan rubutu na wanda yake so ya sa hannu ne amma yana so ya san me ya sa.

Shawarata ita ce ka nemi abin da suke kira indi. Asalin kalmar na nufin mawaƙan da suke fitar da waƙa ta ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, ba manyan nan uku ba wato Universal da Sony da Warner, daga baya kuma ta zama sunan wani salo, jita da murya a hankali, ba hayaniya sosai. Dalilina biyu. Na farko abokan aikinka sun gaji da waƙoƙin kanti fiye da kai, wanda ya yi awa takwas a tsaye yana jin abu ɗaya zai yi maka godiya in ka kawo sabo. Na biyu, kuma shi ya fi min muhimmanci, da yawa cikin waƙoƙin indi na wannan lokaci ba na ibada ba ne, na sanyi ne da duhu da kewar gida da ƙarancin kuɗi, abin da kai baƙo ka fi kowa sani a Disamba. Ƙarfe huɗu saura rana ta faɗi a Manchesta, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu, azahar da la'asar da magariba duk sun matse cikin 'yan awoyi, kana kallon kowa na shirin tafiya gidan iyayensa kai naka gidan na bayan sahara.

Wadda nake fara ba kowa ita ce "Just Like Christmas" ta ƙungiyar Low. 'Yan Duluth ne a jihar Minnesota ta Amurka, garin sanyi na gaske, mata da miji ne ginshiƙin ƙungiyar, Mimi Parker da Alan Sparhawk, kuma waƙar ta fito a ɗan faifansu na 1999. Labarin tafiya ne kawai, suna hanya daga Stockholm zuwa Oslo dusar ƙanƙara ta fara sauka, suka ɓata hanya, suka kwana a ƙananan gadaje, shikenan. Ba addu'a ba wa'azi. Matar ce ke rerawa, ta rasu a Nuwamban 2022, kuma tun daga lokacin in na ji muryar sai jikina ya yi sanyi. Amma ka lura, waƙar nace ba faifan duka ba, don sauran waƙoƙin ciki akwai na addinin Kirista sosai, su masu riƙo da addininsu ne. Wannan ita ce ƙa'idar da zan maimaita maka, ka zaɓi waƙa ɗaya ɗaya, kar ka kwashi faifai sukutum ka zuba.

Sai "White Winter Hymnal" ta Fleet Foxes, 'yan Seattle, 2008. Kalmar ƙarshe ta sunan na nufin littafin waƙoƙin coci, shi ya sa wani ɗan uwa ya taɓa ce min shi ba zai taɓa ta ba, amma in ka karanta baitocin ba coci ba Kirsimeti a ciki, hunturu ne da mutane cikin rigunan sanyi suna tafe a ƙanƙara. Gajeruwa ce, ba ta kai minti uku ba, muryoyi ne ke bin juna ana amshi. Akwai ɗan hoto mai nauyi a ƙarshen baitin, wani ya faɗi ƙanƙara ta yi ja, amma a nan ana sa ta ko'ina ba wanda ke ɗaga gira.

Wadda ta fi taɓa ni kuwa "If We Make It Through December" ce yadda Phoebe Bridgers ta rera a 2020. Asalinta ta Merle Haggard ce tun 1973, labarin wani uba da aka sallama daga aiki a masana'anta ana dab da biki, ba shi da abin da zai saya wa 'yarsa, yana cewa in dai mun tsallake Disamba komai zai daidaita. Duk wanda ya taɓa ganin sallah ta matso ba kuɗin ɗinkin yara ya san wannan waƙar tun kafin ya ji ta. Ni na ji ta ne a watan da kuɗin haya da na wuta da na makaranta suka haɗe min, ga saƙo daga gida ana jira, na zauna a bas na maimaita ta har na wuce tashata. Fiyano ne da murya kawai. Sai dai gaskiya ba ta walima ba ce, in ka sa ta ana tsakiyar raha za ta kashe wajen, ka bar ta wa jerin safiya ko lokacin da ake share shago za a rufe.

In kana so abin da kiɗa ya fi baitoci yawa, akwai "Christmas Time Is Here" ta Khruangbin, 'yan Houston ta Texas, 2018, kusan duk jita ce da ganga a hankali, asalin kiɗan na Vince Guaraldi ne na 1965. Su ɗin nan ne suka yi faifan "Ali" da Vieux Farka Touré na Mali a 2022, don haka in kunnenka ya saba da jitar yankinmu ba za ka ji su baƙi ba. In kuma ana son abu mai fara'a wanda tsoho da yaro za su ji, mawaƙan She & Him suna da faifan Kirsimeti na 2011, tsofaffin waƙoƙin Amurka ne suka sake a sauƙaƙe.

Dole wani ya ambata maka Sufjan Stevens, don a wajen masu son indi shi ne sarkin wannan fage. Sunan zai ja ka, kamar Sufyanu, amma Ba'amurke ne haifaffen Detroit kuma Kirista. Ya fara ne yana naɗar waƙoƙi yana raba wa dangi da abokai kyauta kusan duk shekara daga 2001, a 2006 aka tattara su guda 42 a "Songs for Christmas", a 2012 ya ƙara wasu 58. Kiɗan na da daɗi ƙwarai, amma kaso mai yawa tsofaffin waƙoƙin ibada ne na coci. Ga ɗan uwa Kirista wannan taska ce, zaka samu waɗanda ka sani tun kana yaro cikin sabon salo. Ga Musulmi kuma sai ka buɗe baitocin ka karanta kafin ka sa, Spotify na nuna su a ƙasan waƙa, minti biyu ne.

Wadda zance ka bar musu su sa da kansu ita ce "Fairytale of New York" ta The Pogues da Kirsty MacColl, 1987. Suna ƙaunarta sosai a nan, kuma labarin baƙi ne irinmu, 'yan Ayilan da suka je New York neman arziki abin bai yiwu ba. Amma a ɗakin da 'yan sanda ke tsare mashaya ta fara, kuma a tsakiya mata da mijin na zagin juna da kalmomin da har BBC Radio 1 ta koma sa wadda aka gyara a 2020. Kai sabo ne, ba ka san wa zai ji haushi ba, kuma kar ka bi amshin da ƙarfi a wajen aiki.

Yanzu ga abin da na fi so ka ɗauka. Cikin waƙoƙi ukun da aka ba ka, ka sa ɗaya daga wajenmu. Ba wanda yace dole kowace waƙa ta ambaci Kirsimeti, kuma abin da da yawanmu ba mu sani ba shine masu son indi a nan sun san mawaƙan Nijar, wani lokacin fiye da mu 'yan Najeriya. Mdou Moctar na Agadas yana tare da kamfanin Matador, a faifansa na 2021 akwai "Tala Tannam", mai sanyi ce da jitar da ba ta lantarki ba, da Buzanci yake rerawa. Tal National na Yamai kamfanin FatCat na Brighton ne ya fitar musu da "Kaani" a 2013, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, in ana son abin rawa su ne. Sai Mamman Sani, wanda ya naɗi kiɗan ogan ɗinsa a Yamai a 1978, kamfanin Sahel Sounds na Portland ya sake fitarwa a 2013, kiɗa ne zalla mai kwantar da rai, ya dace da daren sanyi kamar don shi aka yi. Shekarata ta biyu shi na sa. Mai dafa abincinmu, wani dattijo da ba mu taɓa wuce gaisuwa ba, ya fito daga kicin da tawul a kafaɗa yana tambaya wa ya sa wannan, daga nan muka yi hira ta kusan rabin awa kan ina ne Nijar, ina ne Kano, me ya sa harshe ɗaya ke ƙasa biyu. Har na bar aikin nan in ya ganni sai yace sannu da Hausa.

In kana neman ƙari ka riƙa kunna BBC Radio 6 Music, tashar irin wannan kiɗa ce kuma kyauta ce a manhajar BBC Sounds. In kana Manchesta ka leƙa shagon faifai na Piccadilly Records a titin Oldham, a Landan kuma shagon Rough Trade, ba sai ka sayi komai ba, ka tambayi na kan kanta zai nuna maka. Wanda ya samu hali ya sayi waƙa a shafin intanet na Bandcamp, kason da ke isa hannun mawaƙi ya fi na sauraro a Spotify nesa ba kusa ba, kuma mawaƙan Nijar ɗin nan suna can.

Ranar walimar kanta, tunda mun zo wajen, ka tambaya kafin ka ci. Abin da suke kira mince pie ba nama a ciki duk da sunan, busassun 'ya'yan itace ne, amma wasu na da barasa, ka duba kwali. Jan abin sha mai ɗumi da ƙamshin kanumfari giya ce. Ƙananan tsiran da aka naɗe da nama alade ne ciki da waje. Kace kai lemo zaka sha, ba wanda zai matsa.

Sannan ranar 25 ga wata jirgin ƙasa ba ya tafiya, a Landan ko bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa babu, manyan kantuna a rufe suke bisa doka, don haka ka yi cefanenka tun 23, shinkafa da man girki da madara da duk abin da zaka buƙata na kwana biyu. In kana da aiki ranar ka shirya yadda zaka je tun da wuri don tasi na tsada. In ba ka da aiki kar ka kulle kanka a ɗaki kai kaɗai, ka nemi 'yan uwa da ke kusa wanda za a iya takawa da ƙafa. Mu bara mu shida muka haɗu a ɗakin wani ɗan Damagaram, aka yi tuwon semo da miyar kuka da aka ɓoye tun zuwan wani daga gida, wata 'yar uwa Kirista 'yar Zariya ta dawo daga coci ta same mu da cincin, Mamman Sani na tashi a hankali daga waya a kan taga. Bana ma can za mu haɗu in Allah ya kai mu, an ce kowa ya zo da faranti da cokalinsa don na gidan ba za su isa ba.