Saniya ta haihu ta ƙi ɗaukar wani ciki: kurakuran da ake yi tun tana da tsohon ciki

Na gaji da jin magana ɗaya a bakin sabbin masu kiwo, wai saniya ta haihu wata shida, wata bakwai, har yanzu ba ta nemi bijimi ba, ko akwai allurar da za a yi mata? Ɗan'uwa, ba allura take buƙata ba, tun tana da tsohon ciki aka ɓata lamarin.

Babban kuskuren shi ne jira sai ta haihu sannan a fara zuba mata dusa da harawa. Cikin saniya wajen kwana 283 ne, kuma kusan kashi biyu cikin uku na girman maraƙin a wata ukun ƙarshe yake samuwa, a daidai lokacin da ya cika mata ciki ba ta iya cin da yawa. In kuma abin ya faɗo a bazara, Maris zuwa Mayu, busasshen kara kawai ake watsa mata, sai ta koma cin jikinta, kitsen da ta tara da damina ya narke, ta haihu a rame, shayarwa ta zo ta ƙarasa zuƙe ta. Shi kuwa jiki in ƙarfi ya yi kaɗan harkar haihuwa yake fara ajiyewa gefe, sinadarin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ya tayar da ƙwai sai ya ragu, saniya ta yi shiru. Alhali in kana son maraƙi duk shekara dole ta ɗauki wani cikin cikin kwana 82 da haihuwa. Abin da ka zuba mata bayan ta haihu kuma mafi yawansa nono yake tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ya taɓa sa wata Bunajina mai kyau ta tsallake shekara ba maraƙi, abinci tana ci, kuɗi na fita, har yau abin na yi mini ciwo.

Na biyu kuma shi ya fi ba ni haushi, masu rage wa saniya abinci da gangan wai don kada ɗan ya yi girma ta sha wuyar haihuwa. Haba jama'a! Wa ya gaya muku? Ɗan ba ya raguwa da wani abin kirki, uwar ce ke rasa ƙarfin naƙuda. Na ga karsanar wani maƙwabcina da aka yi wa haka, sai da aka ja ɗan da igiya, ya fito yana rawar jiki ya kasa miƙewa ya kama nono, dakashin ma ɗan kaɗan ne. Ku ji tsoron Allah, dabba amana ce.

Ni dai tun da kaka nake sayen harawar wake da ta gyaɗa lokacin tana araha. Ciki na shiga wata na bakwai sai in ware ta, in fara ƙara dusa da kek ɗin auduga kaɗan-kaɗan, da 'ya'yan gawo in an samu, da gishirin lasa. Kullum ina shafa haƙarƙarinta, in ina iya ƙirga su da ido daga nesa to ta rame. A ma'aunin ƙibar jiki na 1 zuwa 9, wato 1 ramammiya ƙwarai, 9 mai ƙiba fiye da kima, so ake saniya ta haihu tana 5, karsana 6 tunda ita girma take yi har yanzu.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Tumbi ba ƙiba ba ne, a duba baya da gindin wutsiya. Kada kuma a cusa mata hatsi ta yi kitse fiye da kima, ita ma wannan wuyar haihuwa take sha. Kada a haɗa karsana da manyan shanu a kwano ɗaya, ture ta za su yi. A ba da maganin tsutsa da na hanta da shawarar likita, ruwa kuma ya wadata.

In jikinta na da kyau amma tana ɓari ko mabiyiya na ƙin faɗowa, wannan kam a kira likitan dabbobi ya gwada ta ko bakkale ne, wato cutar nan mai sa shanu ɓari.