Yadda Ake Zaɓen Injin Fatsa na Baitcaster, Sandarsa da Sauran Kayan Kamun Kifi a Kogi da Tafki

Injin fatsa na zamani iri biyu ne aka fi samu a kasuwa. Akwai wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, kwarkwaron zarensa a tsaye yake ba ya juyawa. Akwai kuma baitcaster, wanda ke zama a saman sanda, shi kuwa kwarkwaronsa juyawa yake yi duk lokacin da ka yi jifa. Wannan juyawar ce ke ba shi ƙarfin ja da saiti, ita ce kuma ke cukurkuɗa zare a hannun sabon shiga. A Amurka aka bunƙasa shi, inda masu gyaran agogo a jihar Kentaki suka riƙa ƙera shi da hannu tun farkon ƙarni na 19, shi ya sa har yau rubutun da ke jikin kayan yawanci da fam da oza da ƙafa yake zuwa.

Fara da kifin da kake nema

Kada ka sayi inji kafin ka san nauyin abin da za ka riƙa jefawa. Baitcaster na yau da kullum yana aiki da kyau da koto mai nauyin giram 10 zuwa 28, wato kashi 3/8 na oza zuwa oza ɗaya. Abin da bai kai giram 7 ba ba shi da ƙarfin da zai juya kwarkwaro yadda ya kamata, sai jifa ta yi gajarta, zare ya rikice.

Saboda haka in karfasa kake nema da tana da ƙaramar ƙugiya, ajiye maganar baitcaster, fatsar gargajiya ko injin ƙasan sanda sun fi dacewa. Inda yake nuna bajintarsa shi ne kifi mai farautar ɗan'uwansa: tsage, giwan ruwa da manyan tarwaɗa, irin waɗanda ake samu a Kogin Neja da Binuwai da tafkin Kainji.

Zaɓen inji

Siffa biyu gare shi. Mai kwanciya, wanda tafin hannu ke rufewa, ba shi da nauyi, kuma mai lambar girma 150 yakan ɗauki kusan mita 100 na zaren roba mai kaurin milimita 0.30. Shimano SLX da Curado da Daiwa Tatula duk wannan sahu suke. Sai mai zagaye, kamar Ambassadeur na Abu Garcia, wanda mai lamba 6500 ke ɗaukar fiye da mita 200, yana da ƙararrawa mai ƙara idan kifi ya ja zare. Mai jifa da kifin roba tun safe har rana ya ɗauki mai kwanciya. Mai ajiye koto a ƙasan ruwa yana jiran tarwaɗa, ko mai neman babban giwan ruwa, mai zagaye ne nasa.

Sai lambar giya. In ka ga 6.4:1, ana nufin kwarkwaro yana juyawa sau shida da ɗoriya a duk juyin hannu ɗaya. Mai 5.4:1 yana da sanyin naɗi amma da ƙarfi, ya dace da kifin roba mai nutsewa can ƙasa. Mai 7.1:1 zuwa 8.1:1 yana kwashe zare da sauri, kimanin santimita 70 zuwa 85 a juyi ɗaya, kuma yana da amfani ga tsage, wanda kan ɗauki koto ya nufo ka a guje ya bar zare sako-sako. In inji ɗaya za ka saya, tsaya tsakanin 6.4 da 7.1.

Birki, wanda ke rage gudun kwarkwaro lokacin jifa, shi ne abin da ya fi cancanta ka tsaya a kansa. Na maganaɗisu ana juya shi daga waje da ɗan faifai mai lambobi, ya fi sauƙi ga mai koyo. Ɗayan kuma ƙananan fil ne a ciki, galibi huɗu ko shida, waɗanda gudun kwarkwaro ke watsawa su goge bango su rage masa sauri; shi sai ka buɗe murfin gefe kafin ka gyara, amma ya fi kama farkon jifa, lokacin da kwarkwaro ya fi gudu. Wasu injinan sun haɗa biyun.

Kada yawan boris ya ruɗe ka. Injin kirki mai boris biyar ya fi mai araha da aka rubuta masa goma sha takwas. Abin dubawa shi ne gangar jikin ta zama ta alminiyam, domin ta roba tana lanƙwasa idan kifi ya yi nauyi, haƙoran giya su daina haɗuwa daidai. Ka juya hannun a shago, ka ji ko akwai gurzawa, ka danna maɓallin sakin zare ka ga ko yana komawa da zarar ka juya. Ka kuma lura da ɓangaren da hannun yake, domin ba a sauya shi. A wajen Shimano da Abu Garcia, lambar da ta ƙare da 1, kamar 151 ko 6501, ta hagu ce.

Sanda

Sandar baitcaster daban take: zobban zarenta ƙanana ne, sama suke kallo, kuma akwai ɗan ƙaho a ƙarƙashin mariƙin inda yatsa ke kamawa. Ɗora wannan inji a kan sandar da ba tasa ba ɓata kuɗi ne.

Sanda ta farko ta kasance ƙafa 6 da rabi zuwa ƙafa 7, kusan mita biyu ke nan, mai alamar MH, wato ƙarfinta ya ɗan wuce matsakaici, wadda samanta kaɗai ke lanƙwasa. Kusa da mariƙi za ka ga an rubuta nauyin koto da ƙarfin zaren da take ɗauka, misali 3/8 zuwa 1 oz (oza), da 10 zuwa 20 lb (fam). Wannan rubutu shi ne alƙali. Koton da ya gaza haka ba zai lanƙwasa ta ta harba shi ba, wanda ya zarce kuma zai iya karya kanta. Ga babban giwan ruwa, nemi mai alamar H, wato mai ƙarfi sosai.

Kafin ka biya, zura ɗan auduga cikin kowane zobe ka juya. Duk inda audugar ta maƙale akwai tsaga, kuma tsagar nan za ta cinye maka zare. Sanda mai gaɓa biyu ta fi sauƙin ɗauka a babur ko motar haya, kuma in ta kirki ce ba ta rage komai.

Zare da yadda ake naɗa shi

Mai koyo ya fara da zaren roba mai fam 12 zuwa 15. Yana da araha, in ya cukurkuɗe ka yanke ba za ka ji ciwo ba. Idan hannu ya faɗa, sai ka koma saƙaƙƙen zare mai fam 30 zuwa 50, wanda ba ya miƙewa, ko taɓa koto kifi ya yi za ka ji. Kada ka sa saƙaƙƙe ƙasa da fam 30: sirantarsa kan sa ya nutse cikin sauran naɗin idan ka ja da ƙarfi, jifa ta gaba sai ya tsaya cak, koto ya tsinke ya tafi.

Saƙaƙƙen zare yana zamewa a kan kwarkwaro, don haka fara naɗa mita 10 na zaren roba a ƙasa, ka ɗaura shi a kai. Ka naɗa da tauri, kana matse zaren da jiƙaƙƙen tsumma, ka tsaya saura milimita 2 zuwa 3 ya cika baki.

A ƙarshen zaren kuma sai abin da bakin kifi zai tarar. Tsage haƙoransa kamar reza suke, sai da waya mai fam 30 zuwa 40, tsawon santimita 25. Giwan ruwa ba ya yanka da haƙori, amma murfin kumatunsa yana da kaifi, sai ka sa masa mita ɗaya na zaren roba mai kauri, fam 60 zuwa 80.

Saita inji kafin jifar farko

1. Ɗaura koton da za ka yi aiki da shi, ka ɗaga kan sandar sama kaɗan.
2. Ƙara matse ɗan murfin da ke gefen hannu, ka danna maɓallin sakin zare.
3. Sassauta murfin a hankali har koton ya fara sauka sannu. Idan ya taɓa ƙasa, kwarkwaro ya tsaya ba tare da ya ƙara juyi ba. In ka sauya koto mai wani nauyin, sake wannan.
4. Sa birkin maganaɗisu a kashi uku cikin huɗu. In na fil ne, kunna huɗu cikin shida, masu fuskantar juna, don kada kwarkwaro ya karkace.
5. Tauraron da ke bayan hannu shi ke sakar wa kifi zare idan ya ja da ƙarfi. Saita shi a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zare mai fam 15 ya fara fita a kusan kilo 2. Gwada da jarkar ruwa mai lita biyu, kana ja kai tsaye daga injin.

Koyi jifa a fili, da dalma mai giram 14 ba ƙugiya. Jefa daga gefe a hankali, babban yatsa yana shafar zaren, ka danne kwarkwaro daf da lokacin da dalmar za ta faɗi. Akwai wata dabara mai ceton zare: ja mita 30 waje, manna guntun salatif a kan sauran naɗin, ka mayar. Duk cukurkuɗewar da za a yi ba za ta wuce salatif ɗin ba.

In zare ya cukurkuɗe

Dalilin ɗaya ne kullum: kwarkwaro ya fi koto gudu, zaren da ya saki bai sami mai jansa ba. Lokacin da abin ya faru shi zai gaya maka gyaran. In a farkon jifa ne, ka fizga da ƙarfi ko birki ya yi kaɗan. In a tsakiya ne, iska ce ta tare koton, abin da ke yawan faruwa da hunturu. Ƙara birki, ka jefa ƙasa-ƙasa ko ka ba iskar baya. In a ƙarshe ne, yatsanka ya makara.

Kada ka fizgi zaren. Ja shi a hankali har ya tsaya, ka ƙara matse tauraro, ka danne kwarkwaro da babban yatsa sosai, ka juya hannu rubu'in juyi, sannan ka sake danna maɓalli ka ja. Sau biyu ko uku yakan warware. Bayan nan kada ka manta ka mayar da tauraron inda yake.

Sauran kaya

Filaya mai dogon baki wajibi ce, ba a sa yatsa a bakin tsage, ƙayar tarwaɗa kuma tana huda hannu. Sai almakashi mai yanka saƙaƙƙen zare, ɗan dutsen wasa ƙugiya, koma ta ɗebo kifi, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda ke kuma kare ido daga ƙugiyar da ta fizgo. Koto iri uku sun isa farawa: cokali mai ƙyalli na giram 20, kifin roba mai nutsewa mita biyu zuwa uku, da mai laushi a kan ƙugiya mai kan dalma. Ga tsage, cire ƙugiya mai baki uku ka sa guda ɗaya mai ƙarfi, ta fi shiga ƙashin bakinsa.

In za ka shiga kwale-kwale, sa rigar ceto. Sandar kabon tana jan wutar lantarki, don haka ka kwantar da ita in hadari ya taso, ka kuma dubi wayoyin wuta kafin ka yi jifa kusa da madatsar ruwa. A sabon wuri ka fara gaida sarkin ruwa, ka tambayi masunta inda tarunsu yake, da inda kada da dorina ke kwana.

Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabar wannan inji. Bayan kowace fita, goge shi da tsumma mai laima, ka sassauta tauraro, ka sa shi a jaka. Boris ɗin kwarkwaro ɗigo ɗaya na mai mara kauri yake so, in ya yi yawa jifa za ta ragu. Giris na haƙoran giya ne kaɗai, sau ɗaya a shekara ya wadatar, sai ƙaramin sandan da ke kai zare dama da hagu, wanda ke buƙatar gogewa da buroshi da ɗigon mai duk bayan fita biyu ko uku, domin a nan yashi ya fi taruwa.