Yadda za ka haɗa satifiket da aikin sa kai a ƙungiyar masu harkar sito da sarrafa kaya

Wani ƙanena da ke aikin sito a wani kamfani nan Zariya ya tare ni bayan sallar Juma'a, wai Yaya ni fa na gaji, shekara shida ina ƙirga buhu amma duk wanda ya zo da 'yar takardarsa sai a ɗora shi a kaina, wace jarabawa zan rubuta? Na ce masa jarabawa kam za ka rubuta, amma kafin nan zo mu je mitin ɗin reshen ƙungiyarmu ta masu harkar sito ranar Asabar ka ɗauki kujera ko da guda ɗaya ce ka jera. Ya ɗauka wasa nake. To bari in rubuta abin da na faɗa masa don masu irin tambayarsa.

Da farko ka san wace takarda ce ta dace da aikinka, don mutane da yawa suna zuba kuɗi a kwas ɗin da ba nasu ba saboda kawai sun ga wani ya liƙa haruffa a bayan sunansa. In aikinka tsara abin da masana'anta za ta sarrafa ne da lura da kayan sito, to takardar CPIM ce taka, ta ƙungiyar APICS da aka kafa a Amurka a 1957, wadda yanzu take ƙarƙashin sunan ASCM mai hedikwata a Cikago. Suna da CSCP ta wanda ke kula da tafiyar kaya tun daga mai kawowa har hannun mai saye, da CLTD ta masu sufuri da rarraba kaya. In kai mai sayo wa ma'aikata kaya ne musamman a gwamnati, fara da ta gida wato CIPSMN, cibiyar ƙwararrun masu sayo kaya ta Najeriya da dokar 2007 ta kafa. Akwai kuma NIM, cibiyar Najeriya ta harkar gudanarwa gaba ɗaya tun 1961, masu bautar ƙasa da yawa a lokacin hidimarsu suke yin kwas ɗinta. Mu 'yan Zariya ma an yi mana gata, ga cibiyar NITT nan a hanyar Basawa tun 1986 aikinta ke nan koyar da sufuri da jigilar kaya, mutane na tasowa daga nesa su zo, mu kuma muna wuce ƙofarta a keke napep ko waiwaye ba ma yi.

Ta Amurkan da dala ake biya, kuma ka san yadda dala take, don haka kar ka yi rajista sai ka shirya. Tambaya 150 ce cikin awa uku da rabi a kwamfuta, makin daga 200 zuwa 350 yake, sai ka kai 300 ka ci. Ana iya rubutawa a cibiyar Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarabawar, ko a gida ta intanet ana kallonka ta kyamara, ni dai shawarata ka nemi cibiya, don ba na son ranar da ka kashe wannan kuɗin a ce wuta ta ɗauke ko netwok ya tsaya kana tambaya ta tamanin. Abin da da yawa ba su sani ba, takardar ba ta har abada ba ce, duk shekara biyar sai ka tara maki 75 na ci gaba da neman ilimi kafin a sabunta maka, kuma halartar lakca da koyarwa da yi wa ƙungiya hidima duk suna cikin abin da ake ƙirgawa. Ka ga ashe jera kujerar nan ba banza ba.

Yanzu batun shiga reshe. Ka biya kuɗin mamba, ka karɓi rasit, ka je mitin sau uku a jere kana sauraro ba ka ce komai ba. A nan za ka gane su wa ke aiki su wa ke zuwa ɗaukar hoto. Kar ka zo yau gobe ka ce kana son ciyaman, wallahi dattawan nan za su yi maka murmushi su ce Allah ya kai mu, shi ke nan an rufe babinka. Nemi aikin da kowa ke gudu, kuma a kowane reshe aikin nan biyu ne, rubuta minit, wato abin da aka tattauna a mitin, da shirya lakcar wata. Ni mataimakin sakatare na fara, ranar da aka ba ni littafin minit na buɗe na tarar rabon da a rubuta komai a ciki wata bakwai, shafin ƙarshe ma lissafin kuɗin lemo ne da ruwan leda. Na fara turawa a guruf ɗin WhatsApp kafin a kwana, gajere, wa ya ɗauki wane aiki kuma zuwa yaushe. Wata uku kawai aka fara cewa a tambayi sakatare, alhali sakataren na gaske yana nan zaune.

Shirya lakca shi ne inda za ka ƙaru sosai, don dole ka je ka ƙwanƙwasa ofishin manajojin da da ba za su ko ɗaga wayarka ba. Ka je da wasiƙa a kan takardar ƙungiya, ka ce ranka ya daɗe muna so ka zo ka ba mu minti arba'in kan yadda kuke tsara sito lokacin kaka, ka faɗa masa rana da wuri da adadin mutanen da kake sa rai, kar ka ƙara gishiri ka ce ɗari alhali sha biyar ne. Ka sa mitin bayan la'asar ko Asabar da safe, wuri kuma inda na Samaru da na Sabon Gari da na cikin birni duk za su iya zuwa da mota ɗaya, ka tanadi janareta da mai tun jajibiri. Mata kuma a tambaye su lokacin da ya yi musu, mun taɓa rasa wata Hajiya da ta fi mu duka iya lissafin kaya saboda mun nace sai bayan magariba.

Lakcar da ba na mantawa ba a aji aka yi ta ba, wani ɗakin ajiyar masara muka je, mai kula da wurin dattijo ne ko sakandare bai gama ba. Wani cikinmu da ya haddace littafi ya fara bayanin ƙa'idar abin da ya fara shiga shi zai fara fita, Baba ya bar shi ya gama sannan ya ja mu can ƙurya ya soka ƙarfe a wani buhu ya zazzago a tafin hannunsa, rabi gari ne ƙwari sun cinye. Ya ce Malam ka ga wannan, shi ya fara shigowa amma an jera sabo a gabansa har rufi, wa zai sauke buhu ɗari uku don ya ɗauko shi? Daga ranar na daina koyar da ƙa'idar nan ba tare da maganar barin hanya tsakanin layuka da ɗora kaya kan katako ba. A nan kuma muka yi lissafin lokacin sake oda da alli a jikin bango, in kana cin buhu 20 a rana kuma mai kawo maka daga Kano yana ɗaukar kwana 5, buhu 100 ke nan, ka ƙara 40 na ko-ta-kwana saboda mota na iya lalacewa a hanya, to da kaya sun sauko 140 ka ɗaga waya. Irin wannan lissafin ne dai ake juya maka a jarabawar da turanci mai kauri.

Don haka in kun kai mutum huɗu ko biyar masu niyyar rubutawa ku kafa zaman karatu a ƙarƙashin reshen, kowa ya ɗauki babi ya zo ya koyar da saura, wanda ya koyar shi ya fi riƙewa. Ku riƙa gwada tambayoyi da agogo a gaba, awa uku da rabi kamar da yawa amma tana gudu.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ke kashe ƙungiya. In aka ba ka ma'aji kar ka yarda ko naira ɗaya ta kwana a akawun ɗinka, a buɗe na ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, kowane mitin ka karanta abin da ya shigo da abin da ya fita ko ba a tambaye ka ba. Mun taɓa yin wanda mutumin kirki ne wallahi, bai ci ko sisi ba, amma kuɗin dina ya gauraya da na cefanensa, rasit babu, aka shekara ana gunaguni har ya daina zuwa, gaisuwa ma sai da aka sa baki.

Ka kuma sani ba albashi ba alawus, har data da kuɗin mota wani lokaci daga aljihunka, saboda haka ka yanke awa nawa za ka iya bayarwa a sati ka tsaya a kai, ka sanar da maigidanka a wurin aiki tun farko kar ya ji a bakin wani. Duk abin da ka yi ka ajiye shaida, takardar gayyata, rajistar mahalarta, wasiƙar naɗi, don ranar sabunta satifiket ko intabiyu su za ka fito da su. Wa'adinka na cika ka sauka, ka miƙa littafin minit da lambar sirrin imel da bayanin akawun ga na bayanka a gaban mutane.

Ƙanen nawa dai ya zo ranar Asabar ɗin, ya makara, kujeru an riga an jera, sai aka miƙa masa rajista ya tsaya bakin ƙofa yana rubuta sunaye da lambobin waya. Yanzu shi ke tura sanarwar mitin, CPIM kuma ya ce sai bayan kaka in ya sayar da waken soyarsa.